Yadda Za Ka Gane Ko Ruwan Kogi Ya Dace da Iyo da Rayuwar Kifi

Duk wanda ya tsaya a bakin kogi yana son sanin ko ruwan mai kyau ne, tambayoyi biyu yake yi. Ta farko: in mutum ya shiga ya yi iyo, zai fito lafiya? Ta biyu: kifi da sauran halittun ruwa za su iya rayuwa su hayayyafa a ciki? Amsoshin ba lallai su zo ɗaya ba. Akwai kogin da kifi ya cika maƙil, amma najasar da ke zuba a cikinsa ta isa ta kwantar da yaro da amai da gudawa. Akwai kuma ruwan da ke fitowa daga tsohon ramin haƙar ma'adinai, garau, kana hango ƙasansa, alhali tsaminsa da ƙarafan da suka narke a ciki sun kashe komai. Haskensa bai nuna lafiya ba, ya nuna babu abin da ya rage da rai da zai gurɓata shi.

Saboda haka kowace tambaya da irin bincikenta. Matakan da ke tafe sun fara ne da abin da ba ya buƙatar kuɗi, har suka kai ga ɗakin gwaje-gwaje. Mutane da yawa suna farawa da ɗakin gwajin, su cika kwalba ɗaya su kai gwaji, su ɗauki sakamakon a matsayin hukunci. A ganina wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a wannan aiki.

Mataki na farko: taka ka ga inda ruwan ya fito

Ruwan da ke gabanka ya riga ya ratsa wurare da dama kafin ya iso. Bi gaɓar kogin ka haura sama, wato ɓangaren da ruwan ke gangarowa, aƙalla kilomita ɗaya ko biyu. Inda ƙafa ba ta kaiwa, hoton tauraron ɗan'adam na Google Earth zai nuna maka abubuwa da yawa. Abin da kake nema shi ne duk wata ƙofa da ƙazanta ke shiga: bututu, kwata, magudanar ruwan gari, bakin matatar najasa, mahauta, majema, masana'anta, juji, mashayar dabbobi, wurin haƙar ma'adinai, da gonakin da aka nome har bakin ruwa ba a bar ciyawa ko bishiya a tsakani ba.

Kada ka raina wannan tattaki. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 kan ruwan wanka da shaƙatawa, ana haɗa irin wannan zagaye ne da ƙididdigar ƙwayoyin cuta kafin a yanke wa wuri matsayi. Ɗaya ba ya wadatarwa ba tare da ɗayan ba.

Ka je sau biyu aƙalla, lokacin da gari ya bushe da kuma bayan ruwan sama mai ƙarfi. Wani bututun ba ya zuba sai an yi ruwa, wani kuma sai dare ya raba, don masu shi sun san abin da suke yi. In ka ga busasshen bututu amma ƙasan bakinsa ya yi baƙi ko ciyawar wurin ta ƙone, rubuta shi. Daga nan ka zaɓi wurare uku da za ka riƙa komawa: sama da inda kake zargi, ƙasa da shi kaɗan, da ainihin wurin da mutane ke wanka. Kwatanta sama da ƙasa shi ne ƙashin bayan duk abin da zai biyo baya.

Mataki na biyu: ido da hanci

Ruwa ba ya tsami banza, amma ba kowane launi ne laifi ba. Ja ko ruwan ƙasa bayan an yi ruwan sama laka ce. Ruwan da ya yi kalar shayi amma kana gani ta cikinsa, ruɓaɓɓun ganyaye ne suka rina shi, kuma yawanci ba matsala. Wanda ya yi toka-toka ko fari-fari yana wari, najasa ce ko ruwan masana'anta. Tsatsa mai launin lemo da ta manne wa duwatsu baƙin ƙarfe ne, in ta yi yawa ka tuhumi ma'adinai. Ka caka sanda cikin lakar ƙasa: in ta fito baƙi ƙirin tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, iska ta ƙare a can ƙasa. Ka duba duwatsu kuma, in sun lulluɓe da wani abu mai santsi, toka-toka, yana reto cikin ruwa kamar jiƙaƙƙiyar auduga, ƙazanta mai ruɓewa tana shigowa kusa.

Ƙyalli mai launin bakan gizo a saman ruwa ba kullum ne mai ba. Taɓa shi da tsinke. In ya farfashe gutsi-gutsi bai sake haɗewa ba, wasu ƙwayoyin halitta ne masu cin baƙin ƙarfe suka yi shi. In ya kewaye tsinken ya koma ya haɗe, mai ne. Kumfa ma haka take: ta halitta tana da ɗan duhu da ƙanshin ƙasa, ta sabulu fara ce fat, wani lokaci har da ƙanshin turare.

Koren ruwa shi ya fi buƙatar natsuwa. Gansakuka iri biyu ce a nan. In ka tsoma sanda ta ɗago da zare-zare masu tsawo, wannan gansakuka ce ta yau da kullum, ba ta da dafi, ko da yake yawanta na nuna taki ya yi yawa a ruwan. In kuwa sandar ta fito tamkar an tsoma ta a koren fenti, ko ka ga kore ya kwanta a saman ruwa iska ta tara shi a lungu, to ka ja da baya. Wannan nau'in yana iya fitar da dafin da ke lalata hanta ko jijiyoyi, kuma tafasa ruwan ba ya kashe dafin. Karnuka da dabbobin kiwo sukan mutu bayan sun sha. Domin ƙarin tabbaci, cika kwalba mai haske kashi uku cikin huɗu, da safar hannu, ka ajiye ta wuri mai sanyi ta kwana ba a girgiza ba. In koren ya taru a sama da safe, mai yiwuwa mai dafin ne. Ido ba zai faɗa maka ko akwai dafin a ranar ba, don haka a bar ruwan kawai har ya washe.

Don auna haske ana amfani da faifai mai faɗin santimita 20 da aka raba huɗu, baƙi da fari, a zura shi da igiya har ya ɓace wa ido, a auna tsawon igiyar. Sunansa faifan Secchi, daga masanin Italiya da ya fara amfani da irinsa a 1865. A kogi mai gudu igiyar karkacewa take yi, don haka dogon bututu mai haske da alama a ƙasansa ya fi aiki. Mai iyo kuwa ma'auninsa a jikinsa yake: in ruwa ya kai maka gwiwa ba ka ganin ƙafarka, ba za ka ga fasasshiyar kwalba ko kututture ba, kuma ba za ka ga yaron da ya nutse ba.

Mataki na uku: birkita duwatsu

In an ce in zaɓi mataki ɗaya tak don sanin lafiyar kogi ga halittun ruwa, wannan zan ɗauka. Ruwan da ka ɗiba a kwalba baƙo ne mai wucewa, labarin minti ɗaya kawai ya sani. Ƙwarin da ke ƙarƙashin duwatsu 'yan gida ne, sun yi watanni, wasu fiye da shekara, a wurin. In an zubar da guba da tsakar dare makon jiya, ruwan ya riga ya tafi da ita, amma rashin ƙwarin zai tona asiri.

Kana buƙatar raga mai ƙananan idanu, wajen milimita ɗaya, da farin faranti mai ɗan zurfi, da dogon takalmin roba da safar hannu. Nemi wuri mara zurfi inda ruwa ke gudu a kan tsakuwa. Kafa ragar a ƙasa, bakinta na fuskantar inda ruwa ke fitowa, ka tsaya a gabanta kana tuttura tsakuwa da ƙafa har minti uku, ruwan zai kwaso abin da ya tashi ya zuba a ragar. Ɗauki 'yan duwatsu ka goge ƙasansu a ciki. Sai ka juye a farantin da ɗan ruwa, ka jira ya lafa. Da farko ba za ka ga komai ba sai tarkace. Bayan minti ɗaya ko biyu tarkacen zai fara motsi.

Iri uku ne masu daraja, kuma duka 'ya'yan ƙwari ne masu tashi da ke fara rayuwa cikin ruwa. Na farko yana da ƙafa shida da siraran wutsiyoyi, galibi uku, da wasu 'yan fukafukai a gefen cikinsa suna kaɗawa ba tsayawa, da su yake numfashi. Na biyu ya fi shi ƙarfin jiki, wutsiya biyu gare shi, yana rarrafe a kan dutse, kuma shi ne mafi saurin ɓacewa in iska ta ragu. Na uku magini ne: yakan liƙa ƙwayoyin yashi ko guntayen tsinke ya yi wa kansa kube, ya riƙa jan sa duk inda ya nufa. Sau da yawa za ka ɗauka tsinke ne sai ka ga ya yi tafiya. Masana suna kiran waɗannan uku EPT a taƙaice. Inda suke da yawa, kuma iri-iri, ruwan yana da iska kuma guba ba ta ratsa shi kwanan nan ba.

A ɗaya gefen akwai masu jure ƙazanta. Jajayen tsutsotsi, waɗanda jansu ya fito daga sinadari irin na jininmu da ke ba su damar riƙe iska kaɗan. Siraran tsutsotsin da ke kafa kai cikin laka suna kaɗa wutsiya. Matsattsaku. Da wata farar tsutsa mai doguwar wutsiya da take miƙawa saman ruwa ta shaƙi iska, wadda ganinta da yawa ke nuna ruwan ya kusa zama kwata. Samun waɗannan kaɗan ba laifi ba ne, ko a kogi mai kyau suna nan. Abin tsoro shi ne faranti ya cika da dubban abu iri ɗaya ko biyu. 'Ya'yan mazari da ƙaguwa da ƙananan jatan lande suna tsakiya.

Akwai tsare-tsaren ba da maki. A Birtaniya tsarin BMWP yana ba kowane dangin waɗannan halittu maki daga 1 zuwa 10. A Afirka ta Kudu an sauƙaƙa nasu aka fitar da miniSASS mai rukuni 13, wanda ɗaliban makaranta ma ke amfani da shi. Sai dai kogi mai yashi ko laka da ke tafiya a hankali, ko da lafiyarsa ƙalau, ba zai tara ƙwari irin na mai tsakuwa ba. Shi ya sa kwatanta sama da ƙasa a kogi ɗaya, a wurare masu kama da juna, ya fi kwatanta kogin da wani littafi. In ka gama, mayar da su ruwa.

Mataki na huɗu: iska, zafi, tsami da gishiri

Kifi yana shaƙar iskar oksijin da ta narke cikin ruwa, kuma ba ta da yawa. A digiri 20 ruwa yakan riƙe wajen miligiram 9 ne a lita, a digiri 30 kuwa wajen 7.5. Yawancin kifaye suna son 5 zuwa sama. Ƙasa da 3 suna galabaita, ƙasa da 2 mutuwa ta fara. Ana auna ta da ƙaramar na'ura ko da kwalaben sinadarai masu canza launi, amma lokacin awon ya fi kayan awon muhimmanci. Da rana tsirran ruwa suna fitar da iska, da dare su da kowa suna shaƙe ta. Kogin da ya yi kore zai iya nuna 12 da la'asar ya faɗo 2 da asuba. Ka auna kafin fitowar rana, sannan ka sake da la'asar. Tazara mai faɗi tsakanin biyun ita kanta alamar ciwo ce. Kuma kada ganin tarwada ya ruɗe ka, domin tana iya hawowa ta shaƙi iskar sama, tana rayuwa inda sauran suka mutu. Kifayen da suka taru a saman ruwa da sassafe suna buɗe baki, iska suke nema.

Abin da ke cinye iskar shi ne ruɓa. Najasa, jinin mahauta, ruwan masana'antar abinci, matattun ganyaye, duk ƙwayoyin halitta ne ke cin su, suna cin iska tare. A ɗakin gwaji ana auna wannan da gwajin BOD: a rufe ruwa kwana biyar a digiri 20 cikin duhu, a ga iskar da ta ɓace. Kogi mai tsabta ba ya wuce miligiram 1 ko 2 a lita, ɗanyar najasa tana kai ɗaruruwa. A watan Maris na 2023 miliyoyin kifaye suka mutu a kogin Darling kusa da garin Menindee a Ostireliya, ba don an zuba guba ba, sai don iskar ta ƙare bayan ambaliya ta janye aka shiga zafi.

Ma'aunin tsamin ruwa, wato pH, wanda takardar tsomawa ke nunawa cikin daƙiƙoƙi, ya kamata ya tsaya tsakanin 6.5 da 9. Ka haɗa shi da awon amoniya, sinadarin da ke fitowa daga najasa da taki, domin gubarta tana ƙaruwa wajen ninki goma duk lokacin da pH ya hau da lamba ɗaya, zafi kuma yana ƙara mata. Na'urar auna gishirin da ya narke, wadda ke gwada yadda lantarki ke ratsa ruwa, ba ta faɗin abin da ke ciki, amma in lambarta ta yi tsalle tsakanin sama da ƙasa, wani abu ya shiga. A watannin Yuli da Agustan 2022 ɗaruruwan tan na kifi suka mutu a kogin Oder tsakanin Polan da Jamus: ruwa ya ja baya, zafi ya yi yawa, ruwan gishiri daga masana'antu ya ba wata gansakuka mai dafi damar yaɗuwa.

Mataki na biyar: ƙwayoyin cuta

Duk abin da ya gabata bai gama amsa tambayar mai iyo ba. Wannan sai ɗakin gwaji. Ba a bin kowace cuta ɗaya bayan ɗaya, ana ƙirga ƙwayoyin E. coli ne ko enterococci, waɗanda ke zaune cikin hanjin mutum da dabba. Yawansu na nuna bahaya ya shiga ruwa, tare da duk abin da yake ɗauke da shi.

Karɓi kwalbar da aka kashe wa ƙwayoyin cuta daga ɗakin gwajin. Tsaya inda ake wanka, ka fuskanci inda ruwa ke fitowa don kada lakar ƙafarka ta shiga. Buɗe murfin ba tare da taɓa cikinsa ba, ka kifa bakin kwalbar ka nutsa ta wajen santimita 20 zuwa 30, ka juya ta ta cika, ka bar ɗan sarari a sama. Rubuta wuri da rana da awa, saka ta cikin ƙanƙara, ka kai cikin awa shida.

A ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka na 2012, matsakaicin E. coli cikin kwana 30 kada ya wuce 126 a mililita 100, kuma kada fiye da kashi 10 cikin 100 na gwaje-gwajen su haura 410. Tarayyar Turai, a dokarta ta 2006, tana kiran ruwan kogi ko tafki mafi kyau in kashi 95 cikin 100 na sakamakon bai wuce 500 ba, mai kyau kuma in bai wuce 1,000 ba, kuma tana son gwaji aƙalla 16 cikin shekara huɗu kafin ta yanke hukunci. Lambobin sun bambanta, amma babu wanda ya yarda da kwalba ɗaya.

Dalili shi ne ruwan sama. Kogin Sen na birnin Paris an hana wanka a cikinsa a 1923. An kashe wajen Yuro biliyan 1.4 don gyara shi, duk da haka a gasar Olamfik ta 2024 sai da aka ɗage wasan maza na ninƙaya da keke da gudu da kwana ɗaya, saboda ruwan sama ya tura najasa cikin kogin. An buɗe wa jama'a wuraren wanka a Yulin 2025, amma ana rufewa in an yi ruwa. Ga wanda ba shi da ɗakin gwaji, ƙa'idar mai sauƙi ce: bayan ruwan sama mai ƙarfi, a bar kogi kwana biyu zuwa uku.

Mataki na shida: abin da ƙididdiga ba ta kamawa

Tsargiya ba ta fitowa a gwajin E. coli. Tsutsarta tana girma cikin ƙananan katantanwar ruwa da ke son gefen kogi mai ciyawa inda ruwa ba ya gudu, ta fito ta huda fatar mutum ba tare da ya sha ko ɗigo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 250 ne suka buƙaci maganin rigakafinta a 2021, mafi yawansu a Afirka. A yankin da take, tambayi ma'aikatan lafiya ko ana ganin yara masu fitsarin jini. In ana gani, komai hasken ruwan bai dace da wanka ba. Wanda ya riga ya shiga ya je a gwada shi, maganinta praziquantel yana aiki.

Fitsarin ɓera da dabbobi yana ɗauke da wata cuta da ke shiga ta rauni ko ido, ta zo da zazzaɓi da ciwon jiki, wani lokaci da shawara. Mai buɗaɗɗen ciwo kada ya shiga ruwa, wanda kuma zazzaɓi ya kama cikin makonni uku bayan wanka ya gaya wa likita ya shiga kogi. Sai nutsewa, wadda ta fi duk waɗannan saurin kisa. Auna zurfi da sanda, jefa itace ka ga gudun ruwa, ka nisanci ƙasan ƙananan madatsun ruwa inda ruwa ke juyawa ya riƙe mutum, ka tambayi masunta game da ramuka da kada da dorina.

Mataki na bakwai: rubutu da kai rahoto

Ka riƙe littafi ɗaya: rana, awa, ko an yi ruwan sama, tsayin ruwa, launi, wari, lambobi, da hoto daga wuri ɗaya kowane zuwa. Awon iska da zafi sau ɗaya a wata ya isa, ƙwari sau biyu a shekara, ƙwayoyin cuta kuwa mako-mako a lokacin da aka fi wanka. Hukumar kula da muhalli ta fi sauraren wanda ya zo da shafukan wata shida da ke nuna bambancin sama da ƙasan bututu, a kan wanda ya zo da ƙorafin baki.

Ranar da ka tarar da matattun kifi, kada ka jira gobe. Lura ko manya ne kawai suka mutu ƙanana na haƙi a sama, wanda ya fi nuna ƙarancin iska, ko kuwa kowane girma har da kwaɗi da ƙaguwa, wanda ya fi kama da guba. Ɗauki hoto, auna iska in kana da na'ura, ka cika kwalabe masu tsabta a wurin da kuma sama da shi, ka saka a ƙanƙara, ka kira hukuma nan take. Ka hana mutane kwasar kifin don ci ko sayarwa, ka kuma sanar da masu ɗibar ruwa da makiyayan da ke ƙasa da wurin.